Yadda ake zama ɗan tseren babur na sana'a, ga samarinmu na zango

Duk Sallah sai an yi gardamar nan a Aboabo da Asawase nan Kumasi, wai wane ya fi kowa iya moto, ya ɗaga ƙafar gaba daga wannan kwana zuwa waccan bai sauke ba, da a Turai aka haife shi da tuni yana MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya. To bari in faɗa tun yanzu kar mu ɓata wa juna lokaci, abin da ake yi a titi bayan an sauko Idi da abin da su Marc Márquez ke yi ba sana'a ɗaya ba ce, ko kusa. Shi tseren sana'a a rufaffen fili ake yin sa, kwalta ce mai kyau, babu mota babu akuya babu tsohuwa mai tsallakawa da tire a kai, kowa fuska ɗaya ya dosa, gefen hanya an zuba tsakuwa don wanda ya faɗi ya ja ya tsaya, ga likita da motar asibiti a tsaye. Kuma ba wanda ya fi ƙarfin hali ake nema ba, wanda zai zagaya fili sau ashirin lokacinsa bai canza da rabin sakan ba, shi ake nema.

Hukumar da ke riƙe da harkar a duniya ita ce FIM, tun 1904 take, gasar duniya kuma an fara ta a 1949. Tsanin hawa uku ne a sama: Moto3 mai inji 250cc silinda ɗaya, sai Moto2 da kowa ke amfani da injin Triumph 765cc, sai MotoGP mai 1000cc inda kujeru 22 ne kacal a duk duniya. A gefe guda akwai Superbike, su baburan kasuwa ne ake gyarawa a yi tsere da su, sannan kowace ƙasa mai filaye tana da gasarta ta gida, kuma yawancin masu cin abinci da sana'ar nan a waɗannan ƙananan gasannin suke, ba a talabijin ba.

Mataki na farko, ka dubi shekarunka ka faɗa wa kanka gaskiya

Wannan shi ne abin da samari ba sa son ji. Márquez an haife shi a 1993, tun yana ɗan ƙaramin yaro yake hawa a ƙasa da turɓaya, ya ci gasar 125cc a 2010, ya ci MotoGP a 2013 yana da shekara 20. Casey Stoner yana da shekara 14 iyayensa suka tattara komai suka bar Ostireliya zuwa Ingila don a ƙasarsu doka ba ta ba shi damar tseren kwalta a wannan shekarun ba. Yanzu ma akwai gasar yara ta MiniGP da FIM ta buɗe a 2021, 'yan shekara 10 zuwa 14 a kan ƙananan baburan Ohvale, daga nan su wuce gasannin matasa, kuma tun 2023 galibi sai ka kai 18 kafin a bari ka shiga Moto3, an ɗaga shekarun ne bayan matasa uku sun rasu a tsere a 2021. Wato yaron da zai shiga Moto3 yana da 18 ya riga ya shekara goma yana tsere.

Don haka in kai ɗan okada ne mai shekara 24, MotoGP ta wuce ka, ka cire ta daga lissafi ka huta. Amma ba wai an rufe ƙofa duka ba ne. Troy Bayliss fentin mota yake yi, ya haura ashirin kafin ya kama tseren kwalta da gaske, kuma ya ci Superbike ta duniya sau uku, 2001 da 2006 da 2008. John McGuinness, shahararren ɗan tseren Ingila, shi ma da magini ne mai jera bulo. Hanyarka kai ita ce gasar kulob da ta ƙasa, ko ka zama wanda zai ɗora ƙaninka ko ɗanka a kan hanya tun yana ɗan takwas. Duk abin da zan faɗa a ƙasa ya shafi ku biyun.

Kafin komai kuma sai gida. Yaro ƙasa da 18 ba inda za a ba shi lasisin tsere sai da sa hannun uba ko uwa, kai ma babba kar ka yi wa tsohuwa ƙarya ka ce kana zuwa Magazine a Suame koyon aikin makanikanci alhali tsere kake. Ka zauna da Baba da Mma ka nuna musu bidiyon fili, ka nuna musu kayan kariya, ka yarda cewa ana mutuwa a ciki don ana mutuwa, Marco Simoncelli ɗan MotoGP a filin Sepang na Maleshiya ya rasu a 2011 duniya na kallo. In sun ce a'a ka bi a hankali ta wajen kawu ko malaminku. Sana'ar da za ka hau abin da ke gudun kilomita 200 ba ta rashin albarka ba ce.

Na biyu, kaya kafin babur

Na san kowa babur yake fara nema, kuskure ne. Hular kwano tukuna, mai rufe fuska duka har haɓa, ba irin roba mai kama da ta masu gini da ake ratayawa a gwiwar hannu saboda 'yan sandan hanya na MTTD ba. Ka juya ta ka duba igiyar wuya, akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka mai harafin E cikin da'ira, lambar ta fara da 05 ko 06, ma'aunin Turai ke nan, 06 ɗin shi ne sabo. Maɗaurin ya zama mai zobe biyu na ƙarfe da ake zura igiya a ciki, don filayen tsere da yawa shi suke karɓa. Ka sa ta ka girgiza kai, in tana yawo ta yi maka yawa, ya kamata ta matse kumatu har ka ji kamar za ka ciji cikin bakinka.

Hula gwanjo kuwa ni ban yarda da ita ba ko kyauta ce. Abin da ke ceton kai ba ƙwaryar waje ba ce, farin soson nan ne mai tauri na ciki, sau ɗaya yake aiki, in ya taɓa bugun ƙasa ya murƙushe ya gama, kuma daga waje ba za ka gane ba, sai ka ga fenti na ƙyalli. Rigar fata ita za ka iya sayen gwanjo in ɗinkin bai farke ba, mai haɗe riga da wando guda ɗaya, da faranti a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwa. Sai farantin baya mai kare ƙashin gadon baya, safar hannu ta fata mai rufe wuyan hannu, takalmi mai tsawo da ke riƙe idon sawu. A MotoGP tun 2018 dole rigar ta kasance da jakar iska a ciki wadda ke kumbura kafin mutum ya taɓa ƙasa, wannan kai ba yanzu ba. Eh za ka yi gumi kamar me a zafin Fabrairu, haka za ka saba, ana tsere a Maleshiya da Tailan da kayan nan.

Na uku, ka koma ƙasa da ƙaramin babur

Nan ne muke da sa'a ba mu sani ba. Filin tsere na kwalta irin na ƙasa da ƙasa ba mu da shi a Ghana, amma jar ƙasa muna da ita har ta yi yawa, kuma manyan duniya a ƙasa suke koyo. Kenny Roberts daga tseren turɓaya na Amurka ya fito ya zo ya ci gasar duniya ta 500cc a 1978, Valentino Rossi mai kambun duniya tara ya gina filin ƙasa a garinsu Tavullia inda yaransa ke atisaye. Dalili shi ne a ƙasa taya tana zamewa tun kana gudun 40, sai jikinka ya koyi abin da zai yi in baya ta fara gocewa, a kwalta kuwa sai ka kai gudun da kuskure ɗaya zai kai ka asibitin Gee kafin ka ji wannan zamewar.

Kar ka raina Boxer ko Haojue ɗinka. Hafizh Syahrin ɗan Maleshiya da ƙananan baburan nan irin na zuwa kasuwa ya fara a gasar Cub Prix ta ƙasarsu, kuma ya kai MotoGP a 2018. Babban babur mai 600cc da aka sauke daga Tema ba abin da zai koya maka sai tsoro, kana murɗa totur a miƙaƙƙiyar hanya kana jin kai wani ne, da an zo kwana ka rage kamar mai tura baro.

Ka nemi fili a bayan gari, ka nemi izinin mai shi, ba filin makaranta yara na wasa ba. Ka je da tsofaffin tayoyin mota biyu daga wajen falkanaiza ka ajiye su taku goma sha biyar tsakani, ka riƙa zagaya su kamar kana rubuta lamba 8, giya ta biyu kawai. Za ka ga abin raini ne, amma a nan komai yake. Idonka kar ya kalli tayar da kake zagayawa, ka juya kai gaba ɗaya ka kalli ta gaba, don babur inda ido ya kalla nan yake zuwa, shi ya sa mai kallon gwata yake faɗawa gwata. Hannu a sake, cinya ce ke riƙe tanki. Ka yi ta yi har ka daina sauke ƙafa, sannan ka matso da tayoyin kusa, sannan ka ƙara tayoyi ka yi ɗan fili mai kwana shida ko bakwai, hagu da dama.

Sai birki, kuma a nan 'yan okada suka fi shan wahala, don mun tashi da cewa birkin gaba yana kayar da mutum, kowa ƙafa yake takawa. A tsere birkin gaba shi ne birki, in ka matsa nauyi duk yana komawa gaba, tayar baya har tashi take yi daga ƙasa, to wadda ke sama me za ta tsayar? Abin da ke kayarwa shi ne cafka lokaci ɗaya. Yatsa biyu, ka fara taɓawa a hankali shokozoba ta gaba ta nutse taya ta baje a ƙasa, sannan ka ƙara matsi da ƙarfi, sannan ka riƙa saki kaɗan kaɗan yayin da kake kwantar da babur cikin kwana. Wannan ka gwada shi a kwalta mai tsabta inda ba kowa, ka ja layi da alli, ka zo da gudun 50 ka taka daga layin, ka sa dutse inda ka tsaya, gobe ka yi ƙoƙarin tsayawa kafin dutsen. In naka mai birkin ganga ne a gaba ka je Suame a nemo maka ƙafar gaba mai faifai, in a Accra kake Abossey Okai.

Wani abu da kana yin sa ba ka sani ba: in kana gudu kana son shiga dama, hannun dama kake turawa gaba kaɗan, babur ya faɗa dama. Yanzu ka riƙa yi da sani, za ka ga yadda yake kwanciya da sauri. Layin kwana kuma daga waje ake shiga, a taɓa ciki a tsakiya ko ɗan gaba da tsakiya, a fita waje, kuma ka fi damuwa da fita fiye da shiga, wanda ya shiga da hauka ya fita a makare yana asarar gudu a duk miƙaƙƙiyar da ke gaba. Totur in ka fara buɗewa a kwana kar ka rufe farat ɗaya in baya ta zame, taya za ta kama ƙasa ta cilla ka sama ta kan babur, wannan faɗuwar ita ke karya ƙashin wuya da kafaɗa. Zamewar gaba da ke kwantar da kai ƙasa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Gwiwa a ƙasa da kowa ke so a ɗauke shi hoto, ka manta da ita, za ta zo da kanta. Ka zame rabin mazaune daga kujera zuwa ciki, kai ya bi wajen madubi, shi ke nan. 'Yan MotoGP suna kwanciya fiye da digiri 60 saboda tayarsu ce, sumul take ba zane, ana dumama ta da bargon lantarki kafin a fita. Ka gwada haka da tayar okada mai tauri ka ga ikon Allah.

Na huɗu, agogo da littafi

Abokinka ya tsaya a layi da waya yana danna agogo duk zagaye, kai kuma ka sayi littafin makaranta na sidi kaɗan ka riƙa rubutawa: kwanan wata, iskar taya nawa gaba nawa baya, ƙasa a bushe ko da laima, haƙoran cen na gaba da na baya nawa, lokacin kowane zagaye. Ka canza abu ɗaya tak a lokaci guda, in ka rage iska ka kuma canza haƙori tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ranar da ka ji kamar kana tashi sama sau da yawa agogo zai ce ka fi jiya nawa, ranar da ka ji kamar ba ka yi komai ba ita ce mai kyau. Littafin nan da bidiyon da aka ɗauka daga wuri ɗaya su ne takardunka, ba wanda zai ɗauke ka don an ce ka iya a bes.

Ka kuma koyi spana. Ka zauna wajen fita ka san yadda ake ɗaure cen, canza takalmin birki, saita kuloci, auna nutsewar shokozoba in ka hau. Ɗan tsere da ba zai iya gaya wa makaniki abin da babur ke yi ba, gaba ce ke turewa ko baya ce ke rawa, a shiga ne ko a fita, ba ƙungiyar da za ta riƙe shi.

Jiki kuwa a taƙaice: keke, gudu, motsa wuya da ciki da cinya. Tseren MotoGP kusan minti 40 ne zuciya na bugawa sama da 160, kuma akwai ciwon da ke kama damtsen hannu ya kumbura ya mutu saboda matsa birki har sai an yi tiyata, da yawansu suna da tabon. Nauyi ma ana lissafa shi, a Moto3 babur da mahayi tare kilo 152 ne mafi ƙaranci, don haka tuwon dare da waken safe sai an yi musu linzami. Sannan tiramol, wallahi ka rabu da ita, tun 2024 tana cikin haramtattun ƙwayoyi lokacin gasa, ana gwada fitsari, Andrea Iannone shekara huɗu aka dakatar da shi kan wata ƙwayar ƙara ƙarfi da aka gani a gwajin 2019, ya rasa kujerarsa ta MotoGP.

Na biyar, lasisi da inda za ka je

Lasisin DVLA mai harafin A na titi ne, ka yi shi don doka, amma ba ya shigar da kai tsere. Lasisin tsere hukumar wasan babur ta ƙasa mai rajista da FIM ke bayarwa, bayan gwajin likita na ido da zuciya, da inshora. Ka duba jerin ƙasashen da ke ƙarƙashin FIM Africa, ka kuma je ofishin hukumar wasanni ta ƙasa ka tambaya da bakinka wace ƙungiya suka sani, kar ka ba wani ɗan WhatsApp kuɗi wai zai yi maka lasisin duniya. In za ka yi tsere a wata ƙasa ana neman takardar izini daga hukumar da ta ba ka lasisi, ko ka yi rajista da kulob na can su ba ka nasu.

Kuma dole sai ka fita, wannan ba makawa. A yankinmu akwai filin Dakar Baobabs a Senegal. Amma inda harkar take da rai a nahiyar nan Afirka ta Kudu ce, Kyalami kusa da Johannesburg, Zwartkops wajen Pretoria, Killarney a Cape Town, hukumarsu Motorsport South Africa. Sun daɗe a ciki, Kork Ballington ya ci gasar duniya ta 250cc da 350cc a 1978 ya maimaita a 1979, Jon Ekerold ya ci 350 a 1980 ba tare da kamfani a bayansa ba, kuma an yi gasar duniya a Welkom daga 1999 zuwa 2004. Brad Binder ɗan Potchefstroom shi ne misalin da ya fi kusa da mu: ya fara a gida, ya shiga Red Bull Rookies Cup a 2009, ya ci Moto3 a 2016, ya yi nasararsa ta farko a MotoGP a tserensa na uku kacal, a Brno a 2020, kuma a Mugello a 2023 an auna shi yana gudun kilomita 366.1 a awa.

Abin da za ka fara yi a can ba tsere ba ne, ranar atisaye ce da filaye ke buɗewa ga kowa, ka biya, a sa ka rukunin sababbi, malami ya bi ka a baya. Bayan ka yi irin wannan da dama sai ka shiga ajin ƙananan babura, 150cc ko 300 zuwa 400 irin su Yamaha R3 da Kawasaki Ninja 400. Kar ka tsallake aji sai ka riƙa zuwa cikin ukun farko a wanda kake.

Ga yaro mai baiwa kuwa ƙarshenta Sifen ce ko Italiya, can ƙungiyoyi suke, can masu neman yara suke zuwa kallo. Rookies Cup da aka fara a 2007 ana cika fom ta intanet, su zaɓi wasu su gayyace su gwaji, wanda ya tsallake su ke ba shi babur KTM da makanikai, kowa iri ɗaya. Jorge Martín ya sha faɗa cewa gidansu kuɗi ya ƙare, wannan gasar ce ta cece shi, ya ci ta a 2014, shekara goma bayan nan ya ci MotoGP.

Na shida, kuɗi, kuma a nan yawanci ake tsayawa

Mutane na zaton ana biyan ɗan tsere tun daga farko. Ina! Kai ne ke biya. A ƙananan gasanni mahayi ke kawo kuɗi ya sayi kujera a ƙungiya, har a Moto3 da Moto2 akwai masu zuwa da kuɗin masu ɗaukar nauyinsu, kuma kakar gasa ɗaya ta matasa a Turai tana cin ɗaruruwan dubban yuro. Ko a gasar kulob taya kaɗai za ta sa ka kuka, ga kuɗin shiga, ga mai, ga jirgi, ga biza, ga abin da ka fasa in ka faɗi.

To ka zauna ka rubuta lissafin shekara guda dalla-dalla, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku na faɗuwa. Kar ka je wajen Alhaji mai sayar da kayan babur a Alabar ka ce ranka ya daɗe a taimaka, wannan bara ce, zai ba ka na koko ya sallame ka. Ka je da takarda shafi biyu da hotuna, ka ce Alhaji ga inda sunan shagonka zai zauna a riga da tanki, ga yawan masu kallon bidiyona a TikTok da Facebook, zan zo shago ranar Asabar in koya wa kwastomominka 'yan okada yadda ake birki. Masu shigo da babura, masu baƙin mai, masu taya, su ne na farko da za ka bi, ko kaya suka ba ka maimakon kuɗi ka karɓa. Kuma ko ka zo na ƙarshe ka aika musu rahoto bayan kowace gasa. 'Yan'uwanmu na zango da ke Jamus da Italiya su ma hanya ce, ko masauki suka ba yaro an rage rabin wahala. Amma bidiyon ya zama na fili da cikakkun kaya, kamfani mai hankali ba ya manna sunansa a jikin mai ɗaga ƙafa a titin Tema ba hula. Toprak Razgatlıoğlu na Turkiyya mahaifinsa shahararren mai wasan ɗaga ƙafa ne, shi ma ya iya, amma sai da Kenan Sofuoğlu ya ɗauke shi ya sa shi a fili da tsari kafin ya ci Superbike ta duniya a 2021.

Ranar gasarka ta farko

Kwana biyu kafin nan a cire madubi da fitilu da jak da lamba, a huda kan noti na juye baƙin mai a ɗaure shi da siririyar waya don kar ya kwance ya zubar da mai a fili, a zubar da ruwan lagireto mai launi a sa ruwa zalla don wancan santsi gare shi. Da sassafe za ka kai babur da hula da riga wajen masu duba kaya, su manna maka takarda, a ɗaura maka 'yar na'urar da ke ƙirga lokaci, sannan taron mahaya wanda in ba ka je ba ba za ka hau ba. Wasu baburan tsere giyarsu a juye take, ta ɗaya sama sauran ƙasa, in haya ka yi ka tambaya kafin ka fita.

Tutoci ka haddace su kamar karatun allo. Rawaya, akwai haɗari a gaba, rage gudu ba wuce kowa. Ja, an tsayar da tsere, koma ciki a hankali. Mai ratsin ja da rawaya, akwai santsi a kwalta. Shuɗiya, wanda ya fi ka gudu yana bayanka zai wuce. Baƙa da lambarka, fita. Mai dara-daran baƙi da fari, an gama. Ana fara atisaye, sai zagayen neman gurbi inda mafi saurin lokacinka ke nuna layin da za ka tsaya, sai tsere. In jan fitilu suka kunna ka riƙe kuloci, sai sun mutu za ka saki, ka motsa kafin nan hukunci ne. Kwanar farko ita ce wajen karo, kowa taya ba ta gama ɗumi ba kowa jini ya hau, ka bar musu ita, burinka a ranar ka ga tutar ƙarshe. Maki a yawancin gasanni 25 ne ga na ɗaya, 20, 16, har zuwa na 15 mai maki ɗaya, mai gamawa na huɗu kullum yana gaban mai ci yau ya faɗi gobe. In ka faɗi ka saki babur, kar ka yi yunƙurin tashi sai ka tabbata ka daina ja, sannan ka duba baya ka ruga bayan shinge.

Akwai wani tseren daban da ake yi a titunan gari da aka rufe, mafi shahara na tsibirin Isle of Man tun 1907, zagaye ɗaya kilomita 60 da 'yan kai tsakanin gidaje da katangu, sama da mutum 260 sun mutu a wannan hanyar. Ina ganin samari na tura bidiyonsa, ni ba zan tura ɗan kowa can ba.

In Allah ya sa wata ƙungiya ta miƙo maka kwantiragi, kar ka sa hannu a ranar ko da sun ce jirgi zai tashi. Ka kai wa lauya. Ka duba wa ke biyan ɓarnar faɗuwa, taya nawa za a ba ka duk gasa, in ka ji rauni ka yi wata biyu a kwance kujerarka na nan ko an ba wani, kuɗin da ka biya za a mayar ko ya tafi, manaja kashi nawa zai ɗauka kuma na shekara nawa. Inshorar ta ƙunshi tiyata a ƙasar da kake da kuɗin dawo da kai gida, don katin NHIS ba ya aiki a Johannesburg balle Barcelona. Márquez da ya karya damtsen dama a Jerez a 2020 sau huɗu aka yi masa aiki a hannun, shi yana da Honda a bayansa da manyan likitoci, kai ka tambayi ƙungiyar a rubuce wa zai biya na farkon.